Mata da Tsaron Jama'a a Kudancin Kano: Daga Jakadiya zuwa Hisba

Masu rubuta tarihin tsaro a ƙasar Kano sukan fara da dogarai, su gangaro kan 'yan dokar En'e, su ƙare da 'yan sanda, duk maza. Wannan lissafi na masu kaki ne kawai. A ƙasar da ake kulle, kamar garuruwan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ikon namiji baƙo yana tsayawa a zaure, kuma hukumar da ke son sanin abin da ke bayan zauren ba ta da makawa sai ta nemi mace.

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, wannan aiki na jakadiya ne. Ita ke kai saƙon sarki ko hakimi cikin gida, ita ke fito da amsa. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a Gidan Rumfa ta fitar da littafi a 2005, ta nuna yadda matan fada ke da hannu hatta a sha'anin hatsin haraji. Shaidar da ta fi kusa da yankinmu ita ce ta Baba ta Karo, wadda ta tashi a kusa da Zarewa, yamma da Kiru, aka buga labarinta a 1954. A bakinta ana jin zamanin harin bayi da satar mutane a hanya, ana kuma ganin jakadiya da magajiyar karuwai, wadda hukuma ke bi ta hannunta in za a yi magana da matan da ke zaman kansu. Wani zai ce ai waɗannan 'yan aike ne, ba jami'ai ba. Amsar ita ce dogari ma ɗan aike ne. Ya fi ta ne da jar riga da bulala, ba da iko na kansa ba.

Rundunar 'yan sandan Nijeriya ta fara ɗaukar mata a 1955, amma a karkarar Kano 'yan doka ne ke riƙe da gari har aka fara haɗe su da rundunar tarayya a 1968, zamanin Gwamna Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan da ya gina madatsar Tiga. Ƙa'idojin rundunar na 1968 sun karkata aikin mace ga shari'ar mata da yara, suka kuma ce sai ta nemi izini kafin ta yi aure. Sai 2012 kotu ta soke wannan sharaɗi. Ba abin mamaki ba ne da iyaye a nan ba su yi ɗokin tura 'ya'yansu ba.

Hisba ce ta buɗe ƙofar. Wasu na cewa an kafa ta a 2000, amma wannan shekarar ƙaddamar da shari'a ce da 'yan sa-kai. Hukumar da doka ta kafa ta 2003 ce, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, kuma da ita aka samu ofisoshi a ƙananan hukumomi 44 da sashen mata mai mataimakiyar kwamanda, muƙamin da Dakta Zahra'u Muhammad Umar ta riƙe, daga baya Dakta Khadija Sagir Sulaiman. Mafi yawan aikinsu sulhu ne: rikicin aure, ciyarwa, riƙon 'ya'ya, yarinyar da ta gudu daga auren dole, da tantance zawarawa a shirin aurarwa da aka fara a 2012. Masu suka na cewa an ɗauki mata ne don a tsananta wa mata, suna kafa hujja da hana su hawa acaɓa a 2005 da kamen da ake yi a otal-otal. Sukar tana da tushe. Sai dai matar da mijinta ya doka ba za ta nuna wa ɗan sanda jikinta a caji ofis ba, tana iya nuna wa 'yar Hisba. Haka a 2014, da aka riƙa tura 'yan mata da bam a birnin Kano, mace kaɗai ke iya laluben mace.

A dajin Falgore kuwa, inda ake fama da satar shanu da garkuwa da mutane, aikin na sojoji ne da mafarauta da 'yan banga. Don kada aikin mata ya sake faɗuwa daga lissafin masu rubuta tarihin tsaro, ya kamata ofisoshin Hisba na ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su adana rajistar ƙararrakin da matansu suka sasanta.