Sassaucin Haraji da Yarjejeniyar Cinikayya: Yadda Suke Bunƙasa Ƙananan Sana'o'i a Najeriya

Ƙanana da matsakaitan sana'o'i su ne suka fi samar wa 'yan Najeriya aikin yi. Binciken da hukumar SMEDAN ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa adadinsu ya kusa miliyan 40. Hanyoyi biyu da gwamnati ke bi wajen tallafa musu su ne rage haraji a cikin gida da buɗe musu kasuwannin ƙetare.

Sassaucin haraji

Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanonin da cinikinsu na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba. Waɗanda ke tsakanin miliyan 25 da miliyan 100 aka rage musu zuwa kashi 20 cikin ɗari, manyan kamfanoni kuwa suka ci gaba da biyan kashi 30. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka ɗaga wannan iyaka domin ƙarin kamfanoni su amfana.

Amfanin hakan a fili yake. Kuɗin da ƙaramin kamfani zai biya haraji yakan koma cikin jari: a sayi sabon inji, a ƙaro kaya, ko a ɗauki ƙarin ma'aikata. Wannan yana da muhimmanci musamman a lokacin da kuɗin ruwa a bankuna ya yi tsada.

Kasuwar bai-ɗaya ta Afirka

An ƙulla yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wato AfCFTA, a birnin Kigali a watan Maris na 2018. Najeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, aka kuma fara aiki da ita a ranar 1 ga Janairun 2021. Manufarta ita ce cire kuɗin fito daga kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kayayyaki, sannu a hankali. Ke nan mai ɗinkin takalma a Aba ko majemi a Kano zai iya kai hajarsa Ghana ko Kenya a farashin da zai yi gogayya da na sauran 'yan kasuwa. Tsarin biyan kuɗi na PAPSS, wanda aka ƙaddamar a 2022, yana ba shi damar karɓar kuɗinsa da naira ba tare da neman dala ba.

Sharuɗɗan cin gajiya

Sai dai wannan dama ba ta isa ga wanda ba shi da takardu. Kamfanin da aka yafe wa haraji dole ne ya yi rajista da Hukumar CAC, ya mallaki lambar haraji, ya kuma gabatar da bayanan cinikinsa duk shekara. Mai fitar da kaya kuwa yana buƙatar rajista da Hukumar NEPC da takardar shaidar asalin kaya, domin rangwamen ya shafi kayan da aka samar a Afirka ne kaɗai.

Galibin ƙananan sana'o'i har yanzu ba su da rajista, ga kuma matsalar wutar lantarki da tsadar sufuri da harajin barkatai a kan hanyoyi. Matuƙar ba a magance waɗannan ba, da yawa daga cikin masu sana'a za su ci gaba da jin labarin sassaucin ba tare da sun gani a aljihunsu ba.