Yadda ake mai da hoto ya zama kamar zanen katun

Salon "sel" hanya ce ta sarrafa hoton kyamara a kwamfuta har ya koma kamar zanen katun: launi shimfiɗaɗɗe, inuwa mai kaifin iyaka, da baƙin layi kewaye da fuska da tufafi.

Sunan ya samo asali daga seluloyid, wato fallen roba garai-garai da masu fim ɗin katun suke zane a kai. Wani Ba'amurke, Earl Hurd, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1914. Da yake fim guda na cin dubban fallaye, mai fenti yakan cika kowane sashe da launi ɗaya, inuwarsa da wani. Wasan bidiyo na Jet Set Radio, wanda kamfanin Sega ya fitar a 2000, yana cikin waɗanda suka yaɗa salon a kwamfuta.

Aikin duk rage launuka ne. A hoton dijital, ja da kore da shuɗi kowanne yana da matakin haske 256, jimilla launi fiye da miliyan 16. Idan aka mai da kowanne mataki 4, launi 64 kacal ke saura.

Ana yin sa da Photoshop ko da GIMP, wanda kyauta ne. Da farko a kwafi hoton a kan falle biyu. A na ƙasa, a ɗan dusashe ƙananan tabo, sannan a rage matakan launi. A manhajar Faransanci umarnin shi ne "Isohélie" a Photoshop, "Postériser" a GIMP. A na sama kuwa, a fitar da gefuna su zama baƙin layi a kan fari, a haɗa shi da na ƙasa ta tsarin da ke ɓatar da farin.

Baƙar fata ita ce ke buƙatar kula. Launukanta sun taru a matakan duhu, don haka idan aka rage su da yawa, goshi da kumatu da haɓa sukan haɗe su zama dunƙule guda, kamanni ya ɓace. Maganin shi ne a ɗauki hoton da haske daga gefe ɗaya, a ƙara wa inuwa haske kafin ragewa, a kuma bar wa fuska matakai fiye da na bango.

Salon ba ya ɓoye mutum. Wanda ya san shi zai gane shi, don haka neman izini kafin wallafawa yana nan daram.