Daga makarantar akawu zuwa MBA

A 1947 Turawa suka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, don ma'aikatan En'e. Ita ce ta zama Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, ta shiga ƙarƙashin ABU a 1962. Yau kuwa MBA muke nema mu ma'aikata, can ko a BUK, inda Ɗangote ya gina makarantar kasuwanci. Ana neman digiri mai daraja ta biyu, ko HND haɗe da PGD, da takardar bautar ƙasa. Amma wallahi abin da na fi ganin yana dawo da mutanenmu na Gude gida shi ne kiredit ɗin Lissafi. Mutum ya yi furfura a ofis, jarrabawar da ya rubuta yana ɗan shekara 17 ta tare masa ƙofa.