Layi Biyu a Waya Ɗaya: Tarihin Araha da Sabis a Ƙasar Ringim

Kalmar “waya” ta girmi abin da muke riƙewa a hannu da shekaru masu yawa. Asalinta zaren ƙarfen nan ne da Turawan mulki suka ja bisa turaku don aika saƙon tangaraho, daga nan muka sami “gidan waya” da “buga waya”. Ringim ta san wannan zamani, domin tana kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, kuma duk inda dogo ya bi waya na biye da shi. Sai dai wayar ta hukuma ce da ma'aikatan tasha da manyan masu sayen gyaɗa. Talaka yana da wasiƙa, yana da ɗan aike, daga baya kuma ya sami direban mota da yake ba saƙo a tasha.

Haka abin ya daɗe. An kafa NITEL a 1985, amma har ƙarshen ƙarnin layukan da ke aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, kuma mafi yawansu a Legas da manyan birane suke. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agustan 1991, aka mai da Dutse babban birni, samun layi a gida alamar muƙami ce ko dukiya. Tambayar wane layi ya fi araha ba ta ma taso ba, tun da kamfani ɗaya ne, shi ma sai an yi masa fada.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula. Kowane lasisi ya tashi a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka biya, suka fara aiki a watan Agustan shekarar, aka kuma keɓe lasisi guda ga NITEL. Wanda bai ga lokacin ba zai yi mamakin farashin. Layi kaɗai, ban da wayar, yana kai naira 20,000 ko fiye, a sa'ilin da mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha naira 5,500 ne. Kira naira 50 ne a minti, kuma minti ake lissafawa cikakke: ko sallama kawai ka yi layin ya yanke, ka biya hamsin. Birane aka fara ba sabis, garuruwa irin Ringim suka jira, ƙauyuka suka fi kowa daɗewa suna jira.

Daga wannan tsada aka haifi ɗabi'un da har yau ba su bar mu ba. Aka sami masu lema da tebur a bakin tasha da kasuwa, waɗanda ke ba da hayar waya a minti. Aka koyi filashin, wato ka kira ka katse kafin a ɗauka, don mai hali ya biyo ka. Wannan ma yana da ladabinsa: ƙarami ne ke yi wa babba, ɗalibi ga yayansa mai albashi, amma saurayin da ya yi wa budurwa filashin ya zubar da girmansa. Aka koyi magana a taƙaice, abin da ba ɗabi'ar Bahaushe ba ce, mutumin da gaisuwarsa kaɗai kan ci minti biyu kafin a kai ga gajiya da iyali.

Abin da ya karya farashi ba tausayi ba ne, kishiya ce. A ƙarshen Agustan 2003 Globacom, kamfanin Mike Adenuga, ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, abin da kamfanonin farko suka yi ta cewa lokacinsa bai yi ba. A ranar 19 ga Satumban shekarar kuma masu waya da dama suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sabis. Kafin a jima, sauran kamfanonin duk sun koma lissafin daƙiƙa, kuɗin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. Bayan haka aka shiga zamanin garaɓasa, wanda samarin wancan lokaci ba za su manta da kiran dare kyauta ba, da irin gyangyaɗin da ya jawo a azuzuwa. Econet kuwa ya yi ta sauya suna kamar mai gudun bashi: Vmobile, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. A 2008 Etisalat ya shigo, ya koma 9mobile a 2017.

A nan ne ya kamata mai karatu ya raba abu biyu da tallace-tallace ke cakuɗawa. Farashi a Legas da Abuja ake yanke shi, kuma ɗaya ne ko'ina: abin da mutumin Ikeja zai biya a minti shi mutumin Taura zai biya. Sabis kuwa ɗan gari ne. Ya dogara da ko akwai turken sadarwa kusa da kai, ko janaretansa na da man dizal, tun da ba a dogara da wutar KEDCO ita kaɗai, ko kuma wani mai aikin hanya bai tsinke igiyar da aka binne a gefen titi ba. Kamfani kan kafa turke inda yake ganin jama'ar wurin za su mai da masa kuɗinsa, shi ya sa tsakiyar gari ke da sabis, rugar da ke bayan fadama ba ta da shi. Saboda haka layin da ya fi araha a takarda yana iya zama mafi tsada ga manomin da sai ya hau tudu kafin ya ji nawa ake sayar da buhun riɗi a Gujungu, ko ga dillalin da ciniki ya kuɓuce masa ranar Alhamis a kasuwar shanu ta Maigatari don kira bai shiga ba.

Jama'a ba su jira hukuma ta warware masu wannan ba. Tun da kira tsakanin layi iri ɗaya ya fi sauƙi, kuma ba a san wanda zai ɗauke ba, sai suka riƙa sayen layi biyu ko uku. Da farko ana cire wannan a sa wancan, har wayoyin Sin masu ɗaukar layi biyu, irin su Tecno, suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano suka bazu zuwa garuruwan Jigawa. A watan Afrilun 2013 NCC ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa, amma waɗanda suka yi hakan kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu waya. A ganina ba jahilci ya hana su ba. Wanda ke da layi biyu a aljihu ya riga ya yi wa kansa maganin da dokar ta zo da shi, kuma nasa ya fi sauri.

Wani abu kuma ya faru a hankali, wanda ya sa zaɓen layi ya daina zama wasa. Lambar waya ta zama shaidar mutum. An fara rajistar layuka a 2011. A 2015 aka ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.1 da ba su da cikakkiyar rajista, kafin a sasanta a kan biliyan 330 a shekarar da ta biyo. A Disamban 2020, zamanin minista Isa Ali Ibrahim Pantami, aka wajabta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Da ƙarancin takardun kuɗi ya afka wa ƙasa a farkon 2023, mai shayi da mai nama duk suka koma karɓar kuɗi ta waya. Layin da asusun bankinka ke rataye da shi ba a jefar da shi don wani ya yi garaɓasa, kuma barinsa ya daɗe ba a amfani da shi kasada ce, domin kamfani na iya ƙwace lambar ya sayar wa wani. Shi ya sa gidaje da yawa suka raba aiki: tsohon layi na banki da dangi, sabo na data, a bi duk wanda ya fi sauƙi a watan.

A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, karo na farko cikin fiye da shekara goma, bisa hujjar faɗuwar naira da tsadar dizal. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, data ta bi sahu. Tun da yanzu data ce ke cin kuɗi fiye da kira, abin dubawa ya koma ga wa'adin da take ƙarewa, da ko tana sabunta kanta ba da izini ba, da waƙoƙin kira da saƙonnin talla masu satar kati a ɓoye. Hukumar ta tanadi lambar 2442 don toshe irin waɗannan saƙonni, da 622 don kai ƙorafi, amma kaɗan ne a karkara suka san da su.

Dabarar layi biyu ma ta fara rauni ta inda ba a zata ba. Tun 2014 manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin haya irin su IHS da American Tower, suka koma 'yan haya a kansu. A 2025 kuma MTN da Airtel suka ƙulla yarjejeniyar yin tarayya a kayan aikinsu a Nijeriya. Wannan na iya kai sabis ƙauyen da kamfani ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyinsa shi kaɗai ba. Amma a garin da turke ɗaya ne ke ɗauke da kowa, ranar da man janaretansa ya ƙare, layukan nan biyu da ke cikin wayarka tare za su ɗauke.