Digiri na biyu a fannin kimiyya: inda ɗaliban masarautar Gumel ke dosa

Babbar makarantar gaba da sakandare a masarautar Gumel ita ce Kwalejin Ilimi ta Gumel, wadda aikinta horar da malamai ne. Don haka ɗan Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar da ke neman digiri na biyu a kimiyya, galibi sai ya nufi Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Bayero ta Kano.

A Bayero ne Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa take, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya. Bincikenta ya shafi wannan yanki kai tsaye, inda hamada ke cin gonakin gero da riɗi.

Sharuɗɗan shiga kusan ɗaya ne: digirin farko mai daraja ta biyu, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, takardar hidimar ƙasa, da cikakken sakamakon jarrabawa daga tsohuwar jami'a, wanda jinkirin fitowarsa kan sa ɗalibi ya rasa gurbi. Mai HND sai ya fara da difilomar PGD.

Kuɗi ne babban cikas. Tallafin karatu na TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, bai haɗa da malamin sakandare ba.