Sarautar Abzin: a fara da koramu kafin a zo kan sarakuna

Idan malami ya tashi koyar da tarihin Agadas, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya jera sunayen sarakuna a allo, yara su haddace. Ni da nake koyarwa a nan Dabaga, a ganina ta nan darasin yake lalacewa. Ba a gane wannan sarauta sai an fara da ƙasar kanta.

Abzin, wadda ake kira Ayar, tarin duwatsu ce a tsakiyar hamada. A kan Bagzan ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. Ruwan sama kaɗan ne, amma in ya sauka kan dutse sai ya gangaro ta koramu, kamar Telwa da ke ratsa garinmu ta nufi Agadas. A bakin koramun nan aka haƙa rijiyoyi, aka yi lambuna: lemu da rumman a Timiya, albasa a Tabelot, ga Iferwan can arewa. Kowane kwari da masu shi. Sai dai lambu kaɗai ba ya ciyar da jama'a. Dole ayarin raƙuma ya tafi Fashi da Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, ya gangara Damagaram da Katsina da Kano ya sayo gero da tufafi. Rigima ɗaya a bakin rijiya ta isa ta tsayar da fataucin shekara.

Wannan ce ta sa ƙabilun Abzinawa suka nemi mai raba gardama. Wajen 1405 suka naɗa Yunus. Labarin baka ya ce daga Istambul aka ɗauko shi. Masana ba su gaskata ba, amma manufar labarin a fili take: sarki ba ɗan kowace ƙabila ba ne. Da farko ɗan ƴar'uwar sarki ke gado. Daga baya al'ada ta zama uwar sarki baiwa ce, don kada wata ƙabila ta ce kawunnansa ne su. Kuma waɗanda suka naɗa suna iya tuɓewa, sun kuwa tuɓe da yawa. Nan ne yara suke mamaki, domin sun saba jin sarki yanka.

Fadar ta zauna a Tadeliza da Tin Shaman kafin Ilisawan ya kafa ta a Agadas a tsakiyar ƙarni na 15, a kudancin duwatsu, inda hanyoyin ayari suke haɗuwa. Askiya Muhammad na Songhai ya ci garin, wajen 1515 kuma aka gina babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, aka sake gina ta a 1844. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Sunaye uku sun isa yaro. Agabba, wanda ya ci Adar wajen 1674, zuriyarsa ta riƙe sarauta a Ilela. Tagama, wanda ya mara wa Kawsan baya a kan Faransawa a 1916. Sun kewaye barikin Agadas har Maris na 1917, aka kama shi daga baya, aka kashe shi a kurkukun Zinder a 1920. Sai Ibrahim Umaru, da ya hau a 1960 ya rasu a 2012, ɗansa Umaru ya gaje shi.

Iyayen da ke ganin tarihin nan na Abzinawa ne kawai, su duba da kyau. Gobirawa da bakinsu suna cewa a Abzin suka zauna kafin su yi kudu. Hausa ce harshen kasuwar Agadas, a fada kuma akwai Galadima da Magajiya da dogarai. Can cikin birnin Kano ma, har gobe akwai unguwar Agadasawa.