Tsami da haƙori a Damargu: abin da kalma ɗaya take ɓoyewa

A bakin Bahaushe kalmar “tsami” ta haɗa nono, da tsamiya, da zobo, har da ruwan da ke tasowa daga ciki lokacin ƙwarnafi. Harshe ya tara su wuri ɗaya, amma haƙori yana bambanta su. Wannan bambanci ne muke son mu bi ta cikin tarihin cimar Damargu.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wanda ake kira émail da faransanci, yakan fara narkewa idan ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5,5. Tsamin ciki kuwa yana tsakanin 1 da 2. Wannan zaizayewa dabam take da rubewar haƙori, wadda W. D. Miller ya danganta da ƙwayoyin cuta a 1890: a nan tsamin da kansa ne yake ci, kuma abin da ya ci ba ya tohowa.

Lokacin da Barth ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851, ƙasar ita ce rumbun geron Abzin. Ayari yakan sauko da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi. Cimar makiyayan arewacin Tanut, inda Tenhiya take, gero ce da nono. To, nono yana da tsami ƙwarai, amma sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yakan hana shi cin haƙori. Ke nan a ganinmu abin da ya fi dakusar da haƙoran mutanen wancan zamani shi ne tsakuwar dutsen niƙa da rairayi.

Tsamiya da zobo ba su da wannan kariya, shi ya sa mukan ce tsamiya ta kashe mana haƙora. Kunun kanwa kuwa kishiyar kunun tsamiya ne, domin kanwa tana kashe tsami, kuma tun da daɗewa ake jiƙa ta saboda ciwon ciki.

Lemon kwalba da na garin leda baƙi ne a cimar Tenhiya da Balbeji, kuma tsaminsu irin na tsamiya ne, ba na nono ba. Mai ƙwarnafi ma yana cikin haɗari idan ya ɗauki asuwaki nan take, domin ɓawon ya yi laushi. Likitocin haƙori sukan ce ya kurkure baki da ruwa tukuna, ya ɗan jinkirta.